Tukwanen Gero Biyu

Maradun.

Zuwa ga Safara'u,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, da Inna Kaltumi da duk mutanen Mafara. Mu nan sai godiya, in ban da baƙin cikin takardarki.

Kin san abin da ya sa na zaɓi wannan gwaji sa'ad da Malama Jummai ta ba mu aikin hutu na kimiyya. Tun da katafilar dam ta baje gonarmu gero ya daina yi, mutane na cewa Babana Labaran raggo ne. Ni ko na ce ƙasar ce anka kashe. Malama ta ce zato ba hujja ba ne, a gwada. Munka cika tukunya guda da ƙasar da anka baje, guda da ta gonar kakata da ba a taɓa ba. Iri ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya. Da zan dawo gida hutu na bar miki su a gidanku, don ba su hawa mota.

Yanzu kin rubuto wai geron ƙasar da anka baje ya fi tsawo da taƙi guda. Taƙin wa? Hannunki ya kusa biyun nawa. Ina rular da na bar miki? Kuma wa ya aike ki gaya wa yayanki Hashimu, har ya kai maganar kasuwar shanu? Baba ya dawo bai ci tuwo ba.

Taibatu.

Safara'u,

Gaisuwa ga Inna kaɗai. Ta gaya miki na zo ranar Talata kina wurin biki? Ƙudaje sunka nuna mini tukunyar tun daga zaure. Inna ta ce tausayin ɗan tsiron ƙasar da anka baje kinka ji da ya yi rawaya, kullum in an wanke tumbi da hanji daga mahauta sai ki juye masa ruwan, kamar yadda kuke yi wa kabewarku. Ɗayan ko ruwan rijiya zalla!

Wannan ba gwaji ba ne, reno ne. Abu guda ake sauyawa, ke kin sauya biyu, ubana ya zama abin dariya.

Ga littafin soyayyarki nan, ban ƙarasa ba. Da fuskar Hashimu nake karanta saurayin ciki, ke kaɗai na taɓa gaya wa. Yanzu in na buɗe, bakinsa kawai nake gani.

Wadda kinka tozarta,
Taibatu.

Safara'u,

Ina gaisuwa, tunda addini ya ce a yi. Da fatan ciwon ƙafar Inna ya yi sauƙi.

Na sake gwajin a gida, tukwane uku-uku, don kada a ce sa'a ce. Na kewaye su da ƙaya saboda awaki, na auna da rula duk safiya. Geron ƙasar kaka ya wuce a duka ukun. Baba ya tsuguna ya daɗe yana shafa ganyen. Ki gaya wa Hashimu ya kai wannan ma kasuwa, ai ya san hanya.

Sai dai Baba ya tambayi abin da kinka zuba har matacciyar ƙasa ta tashi. Na faɗa masa ina jin kunya. Zai zo ranar Talata da jaki, yana roƙon mahaifinki, tunda mahauci ne, ya tara masa abin da ake zazzagewa daga tumbi. Zan ware kunya biyu a gona in gwada.

Ban huce ba. Amma ki aiko mini da littafin, da rulata.

Taibatu.