Kabarin Babanka Ya Faɗa Cikin Filin da Aka Sayar

Ɗana Bitrus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Legas, yaya aiki? Yaya Rifkatu da jikokina? Mu nan Kafanchan lafiya, sai dai barci ya ƙaurace mini.

Maganar filin bayan gida ce, wanda ƙanin babanka Dogara ya sayar wa mutumin Abuja mai son gina gidajen haya. Ranar ciniki, a gaban mai unguwa, an faɗa da baki cewa kabarin babanka da itacen ɗorawar da ke kusa da shi ba sa ciki, kamar yadda aka saba tun kakanni.

Ranar Talata masu awon fili suka kafa dutsen iyaka a bayan kabarin. Na ce, "'Ya'yana, kun wuce." Ɗayansu ya buɗe takardar. Ina bin layin da yatsa, yadda aka koya mana a ajin manya na coci, shi kuma yana juya mini da Hausa: filin da duk abin da ke kansa. Na ce mijina ba kaya ba ne. Ya ce, "Mama, kotu takarda take karantawa, ba abin da aka faɗa a gindin itace ba."

Dogara ya daina shigowa gidan. Jiya aka sauke yashi da bulo dab da babanka.

Ka zo, ko ka nemo mana lauya. Ku sa mu cikin addu'a, ka gaida kowa. Ni dai kowace safiya ina kai kujerata bakin kabarin in zauna. Ban san ranar da za su ce in tashi ba.

Mamarka,
Hannatu