Tumatirin Vukashin

Nish, farkon Yuli 1987

Zuwa ga Yaya Zagorka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Yaya ƙauye, yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan maigidana Vukashin, ya sa ya huta.

Yaya, zan faɗa miki wata magana, don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi. 'Yarmu Bilyana da mijinta za su tafi bakin teku a Girka ƙarshen watan nan, ɗakin da muka saba kamawa a Leptokariya, na kuma ce zan bi su. Na san ƙanenki ko wata huɗu bai cika a ƙasa ba. Na san baƙaƙen kayan nan shekara ake yi da su. Ba wanka ne zai kai ni ba.

Lefteris da matarsa Stamatiya, masu gidan da muke sauka, ba su san ya rasu ba, Yaya. Har yau ba su sani ba. Tun Bilyana tana rarrafe mazan nan biyu, Lefteris da Vukashin, suke zama a gindin inabi suna karta, wannan ba ya jin yaren wancan, amma sai su wuni suna zagin juna suna dariya. Bilyana ta ce a rubuta kati a aika. Na ce mutumin da zai fito da kujera biyu ya zauna jira, a ido ake gaya masa.

Na fara haɗa kaya. Na sauko da laimar nan mai ruwan ɗorawa, da ƙaramin risho, da tukunyar kofi, da ragowar kwalaben soyayyen tattasai na bara. Jiya sai na tarar na ninke gajeren wandon wankan Vukashin na sa a akwati, na ɗora malafarsa a sama. Hannuna ne ya yi, ni ban sani ba. Na zauna a bakin gado na yi kuka mai isata.

Abu biyu nake roƙo. Tumatirin da ya yafa irinsa a lambun gidanku kafin ya kwanta, ki ciro mini kwando guda, masu ɗan tauri saboda hanya. Duk shekara sai ya kai wa Lefteris. Sannan idan mun ratso ta ƙauye da safe, ki zuba mana ruwa a bayan mota kamar kullum, tafiya ta gudana lafiya. Ba mu taɓa ƙetare iyaka babu ruwanki ba.

Ki huta lafiya.
Matar ƙanenki, Dobrila

*

Dobrila,

Na gaishe ki. Gwiwa tana nan yadda kika san ta.

Na karanta har ƙarshe kamar yadda kika ce, fushin ne bai jira ƙarshen ba. Teku! Ƙasar kabarin ƙanena ba ta gama kwantawa ba, ko dutse ba a kafa masa ba, ke kina can kina kakkaɓe laima. Ki tsaya da baƙar riga a tsakiyar mata rabi tsirara suna shafe-shafen mai, ki ce labarin mutuwa kika kai? Wa zai yarda? Ni da wane ido zan dubi mutane a coci ran Lahadi? Da babanmu ya rasu, uwarmu shekara uku ko biki ba ta leƙa ba.

Girkawan naki kuwa su jira. In sun ga kujera ba kowa za su gane.

Tumatir ya yi kyau, bai taɓa yi kamar bana ba, abin haushi. Amma ko ɗaya ba zai ƙetare iyaka ba. Dafawa zan yi in cika kwalabe, a ci ranar addu'ar wata shida. Ruwa kuma ba zan zuba ba, tafiyar da aka sa wa albarka ake zuba wa. Kada ma ku ɓata mai ku ratso ta nan.

Ki cire wandon nan daga akwati ki ba mabukaci. Malafar ki ajiye.

Allah ya ba mu haƙuri.
Zagorka

*

Nish, tsakiyar Yuli

Yaya Zagorka,

Ina gaishe ki da girmamawa, duk da takardarki ta ƙona mini rai, ba zan ɓoye miki ba.

Na karanta wa yaran a kan abinci. Bilyana ta ajiye cokali ta ce, “Mama, rabu da Gwaggo! Ruwa ne fa. In ta kama, ni zan leƙo ta tagar gida in zuba da kwalba.” Mijinta Dragolyub, kin san shi da baki, ya ce, “Mama, ai Girka tumatir har a bakin titi zubar da shi ake yi. Mu kaɗai ne a duniya muke cika mota da tumatir mu kai inda ya fi yawa.” Suka yi dariya. Da suka dubi fuskata sai suka daina.

Yara ne, ba su gane ba. Na kasuwa ba nasa ba ne. Ruwan taga kuma ba naki ba ne. Na gaya musu in ba ki zuba ba, ba zan shiga motar ba. Akwatin yana nan a tsakar ɗaki a buɗe, ban rufe ba, ban kwashe ba, kullum sai na yi tuntuɓe da shi.

Amma Yaya, tun ina amarya nake shan faɗanki, na san kalolinsa. Na san na gishiri ya yi yawa a miya, na san na ban gaida baƙi da kyau ba. Wannan daban ne. Shekarar da mahaifiyata ta rasu ke da kanki kika tura ni asibiti in ga jaririn ƙanwata, kika ce mai rai ma yana da hakki. To me ya canja? Me na yi miki?

Da can in muka saɓa, Vukashin ne yake hawa mota ya zo ya zauna miki a kicin har sai kin sauko. Yanzu in muka saɓa, wa zai zo? Ba ni da wanda zan yi hirarsa da shi yadda yake sai ke. Abin da yake hana ni sukuni ke nan, ba teku ba.

Ina jiran amsarki.
Taki, Dobrila

*

Matarmu,

Na gaishe ki, na gaida yara. Ki gaya wa surukin nan naki bakinsa ya fi motarsa gudu.

Kin tambaya, to ga shi. Ba ki yi mini komai ba.

Ni ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Morava faɗi ba. Duk shekara in an ɗaure kwando a kan mota, sai ƙanena ya leƙo da kai ya ce, “Baɗi da ke za a je, Yaya.” Da farko uwarmu ce ba lafiya, ba mai zama da ita. Daga baya saniya. Da aka sayar da saniyar sai ya zama lambu, wa zai ba tumatir ruwa a zafin Yuli? Shekaru biyu da suka wuce har fasfo ya sa na yi, aka ɗauke ni hoto kamar ɓarauniya, sai gwiwa ta tashi.

In kun dawo, kina ciki kina raba tsaraba, shi sai ya ja ni bayan gida ya ciro ɗan farin dutse daga aljihu, sumul, ya ce, “Ga tekunki, riƙe kafin baɗi.” Ina zaginsa in karɓa. Duwatsun sun cika kwano, yana nan a kan taga.

Wallahi ban taɓa jin haushinku ba. Ina zuba ruwa, ina kallon motar har ta sha kwana, in koma lambu raina fes, don akwai baɗi. Bana in na ɗaga bokitin nan, wa zai leƙo ta taga ya yi mini ƙaryar? Shi ne abin da ba zan iya ba, Dobrila. Maganar coci da ta mutane duk neman abin faɗa ne.

Ku ratso ku ɗauki tumatirin, zan ajiye kwando a ƙofa. Ku yi haƙuri da ruwan.

Zagorka

*

Nish

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta, na sake karantawa, ban nuna wa kowa ba.

Tun da idon Vukashin ya raunana Dragolyub ne yake tuƙi, shi yana gaba yana faɗa a kan hanya. Kujerar nan ba kowa yanzu. Bilyana ta ce ba za ta zauna ba, ni ma ba zan iya ba. Akwai wurin miƙe gwiwa.

Lambun ki bar wa maƙwabciyarki Tsveta, tumatir ba zai mutu a hannunta ba. Mu je mu biyu da baƙaƙen kayanmu mu tsaya gaban Lefteris. Ni kaɗai bakina mutuwa zai yi. Ke kika raine shi, ke ya kamata ki miƙa kwandon.

Ba zan ce miki baɗi ba. Ran Asabar da safe muna ƙofarki.

Dobrila

*

Dobrila,

Gaisuwa. Tsveta ta karɓi lambu. Ita za ta zuba mana ruwa, na nuna mata yadda ake yi, da bokiti, ba da kofi ba.

Baƙi ba zan cire ba, ƙafata ba za ta taɓa ruwan tekun nan ba, kada wanda ya roƙe ni. Ki mayar da malafar cikin akwati, a sama, a ba Bagirken.

Bana ni zan tsinto dutsen, in kawo wa Vukashin kan kabarinsa.

Sai kun zo.
Zagorka