Ƙwan Ungulu a Rimin Mayanka

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Makarfi lafiya, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Tun da na gama jami'a nake aikin sa kai, muna wayar da kan mutane game da ungulu. Kasuwa huɗu ke nan ina zama a mayanka da takarda don in ƙirga su, ban ga ko ɗaya ba. Jiya Sarkin Pawa ya nuna mini rimin da ke bakin mayanka, ya ce, "Malam, tun shekarar da wasu shaiɗanun yara suka kwashe musu ƙwai ba su sake yin sheƙa a nan ba." Na ce Allah ya kyauta.

Yaya, ƙwai ɗaya tak ungulu take yi a shekara. Sheƙa nawa muka kwashe wa ƙwai muna yara muka kai wa mai maganin nan, biyu ko uku? Ni uku nake gani duk sa'ad da na rufe ido. Ka faɗa mini gaskiya, don ranar kasuwa mai zuwa a gaban Sarkin Pawa zan tsaya in yi wa mahauta bayani.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida mutanen gida.

Ƙaninka,
Habibu