Damin Hatsin Baba

Yaya Saratu,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji. Ina gajiya, ina maigida da yara? Mu nan Madawa lahiya lau.

Kunya ta sa ni rubuto miki. Na tahi gida Tabotaki girbi. Inna ta ware dami guda yadda ta saba, ta ce in kai sadaka don marigayi Baba. Na ƙiya. Gaban mutane na ce wanda ya mutu bai ji bishara ba, babu damin da zai hisshe shi. Da tsuhwanta ta aza damin bisa kai, ta hita.

Na gaya ma pasto, ina zaton ya yaba mini. Ya ce masu bi ma bakinsu bai zo ɗaya ba kan wagga magana, wasu na ganin Allah na shari'anta kowa gwargwadon hasken da ya samu. Sannan ya ce, "Iliya, wa ya aza ka kujerar alƙali?"

Ki gaida kowa, ki sa ni addu'a. Ran kasuwa zan koma gida, kuma ban san da wane ido zan dubi Inna ba.

Ƙanenki,
Iliya