Ban Ƙwace Aikin Habu Ba

Gwaggo Ladi,

Assalamu alaikum. Ya jikinki, ya yara, ya mutanen Maradi? Mu nan Kazaure lafiya.

Na ji kin kira Baba, wai na ƙwace wa ɗanki Habu aiki a wurin wasan yara, kin ce Baba ya hana ni zuwa. Gwaggo, ba na iya haɗa ido da ke, amma wannan ba gaskiya ba ne. Habu ya tuƙa jirgin yara kamar acaɓa, har wata yarinya ta faɗo ta fasa baki, aka kore shi. Sai bayan nan aka ɗauke ni, ni kuwa a hankali nake tuƙawa.

Don Allah ki daina kiran Baba, gobe ma zan je. Ki yi wa Habu addu'a, ya fi ni buƙata. A gaida kowa.

'Yarki,
Hadiza