Kwamfutar ta ƙi shan caji

Daren Talata, Birnin Gwari

Barci ya ƙi zuwa. Tun jiya da na samu sabis a bakin tasha na bar kwamfutar ofis ta sabunta kanta, ta daina shan caji. Batirin ya kusa ƙarewa, kuma sunayen yaran garin Kutemeshi da muka yi wa rigakafi duk suna ciki. Takardun da muka rubuta sunayen kuwa ruwan sama ya lalata su a kan babur. Jibi oga ke son sunayen.

Da safe na je rumfar Sabo mai caji na yi masa tatas a gaban mutane, na ce janaretansa ya ƙona min caja. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama, wayoyin rabin gari ke jone a nan, ke kaɗai wutar ta tsana?" Ya jona cajata a kwamfutar wani malamin makaranta, nan take ta kama. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mai gyara sai Kaduna. Inna ta ce in na bi hanyar dajin nan saboda na'ura, ba da yawunta ba.

Da la'asar Sabo da kansa ne ya tare ni a hanya. Ya ce in cire batirin, in danne maɓallin kunnawa tsawon Fatiha ƙafa uku, in mayar. Bakwai na karanta.

To, gidan nan babu wutar da zan gwada. Sai gobe, a rumfar mutumin da na ci wa mutunci.