Sau Biyu Ake Rabawa

Ya ke sanyin idona, raɓar asubahina, inuwar da nake sha tun ina da gashi a ka!

A sanar da gabas da yamma cewa ni, mijinki, wanda littattafansa suka lanƙwasa kantar ajiye su, yau na tabbata ban iya rabawa ba.

Kin tuna ranar da na sayo sikeli, na girke shi a bakin banɗaki kamar alƙali? Kika hau kina dariya, ya nuna kilo sittin da biyu. Na jingina ki da ƙofa, na ja layi da fensir, na auna da tef ɗin ɗinkinki: mita ɗaya da ɗigo shida. Na raba nauyi da tsayi don gano ma'aunin ƙiba, na gyara murya, na yanke hukunci: talatin da tara, ƙiba mai haɗari! Kika ce, “Baban yara, duk ni ce wannan?” Kika ture farantinki.

Wayyo ni! Ashe sau biyu ake rabawa da tsayin. Ashirin da huɗu ne, lafiya lau, cif kamar wata ya cika. Jiya likita ta nuna mini a bayan katinki, ko zama ba ta yi ba.

Wata takwas kina ramewa ina yaba miki. Zobenki ya koma babban yatsa, na ce nasara ce. Ƙishirwa ta hana ki sakat, na ce himma ce. Ciwon sukari yana cin ki a ɓoye, ni ina tafa masa. Yanzu lissafinki ya faɗi ƙasa da sha takwas da rabi, iyakar rama, kina asibiti, gado na uku kusa da taga, siririya kamar hayaƙi.

Gida ya zama kufai. Layin fensir yana nan. Duk wucewar da zan yi sai in ga kamar kina tsaye ƙarƙashinsa, kina jiran in faɗi lamba. Me zan faɗa, ya kurciyata?

Nas ta ce har yanzu rabi kike ci ki mayar da saura. Don girman Allah ki cinye abin da likita ta tsara miki. Muryata ce take ture farantin nan, ki daina jin ta. Ki dawo mini da nauyinki duka.

Ni naki ne har ƙasa ta rufe idona. Kuma kotun zuciyata ta zauna, ta ci ni tara ba ɗaukaka ƙara: duk kifin da zai shigo gidan nan, tsoka taki, ƙaya tawa.